Mai Tona Tuwo

A shekarun babban yaƙin Turawa, lokacin da jiragen ruwa suka daina kawo alhazai sai ɗaiɗaiku, muna zaune a unguwar Misfala ta garin Makka, a wani lungu da ya hau gefen dutse. Ɗakunanmu na gwangwanayen kananzir ne da aka fasa aka daddale. Maigidana ruwa yake ɗauka, garwa biyu a sanda, ni kuma ina tuyar waina a bakin hanya. Duk lungun Hausawa ne, wasu haihuwar nan, wasu irinmu da muka biyo ta Sudan, in ka cire mutum guda. Wani tsoho ne Ba'ajame, wato mutumin ƙasar Farisa, ɗakinsa ya jingina da namu.

Dogo ne siriri, gemunsa ja da lalle. Sana'arsa zura 'ya'yan carbi a zare yana sayar wa alhazai. Larabcinsa a karye yake kamar nawa, shi ya sa muke gane juna da kyau. Ni ina ce masa Baba, shi yana ce mini "ya binti", wato 'yata. Mutum ne mai fara'a, mai gaisuwa, amma yana da wani hali da ya dame ni: ba ya karɓar komai a hannun kowa. Ko ruwa maigidana ya zuba masa a randa, sai ya biya kafin garwar ta taɓa ƙasa.

To da alhazai suka ɗauke, carbi ya daina fita. Bangonmu ɗaya, kuma bangon gwangwani ba ya rufa wa kowa asiri. Da can ina jin ƙamshin albasa daga ɗakinsa, sai ya koma shayi da busasshiyar gurasa, daga baya gurasar ma na daina jin yana karya ta. Rigarsa ta fara yi masa yawa. Na ce wa maigidana, "Malam, tsohon nan fa yunwa za ta kashe shi muna kallo." Ya ce, "Ke ma kin san halinsa." Na ce halinsa nasa ne, amma ni ban taso a gidan da ake cin tuwo maƙwabci yana haɗiyar yawu ba.

Ran nan na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka, na zuba malmala biyu a kwano, na rufe da faifai kamar yadda ake yi wa babba. Maigida ya kai masa. Ba a jima ba sai ga kwanon a ƙofar ɗakina. Na ɗaga faifai. Innalillahi! An farke malmalolin nan gaba ɗaya, an tona su har ƙasan kwano, ga sawun yatsu ko'ina, amma ko loma ɗaya ba a ci ba.

Ku da kuka san mu, kun san abin da ya zo mini a rai. Wanda ya tona abinci bai ci ba, barbaɗe yake nema. Ni? Ni zan yi wa tsoho asiri, a garin nan, ina jin kiran sallar Harami daga bakin murhuna? In ci me da shi, carbin da ba mai saye? Ban tsaya neman takalmi ba, na ja mayafi na tsaya a ƙofarsa da kwanon a hannu. Na fara da Larabci, ya ƙare mini a tsakiyar hanya, na ƙarasa da Hausar Kano tsantsa. Matan lungu suka leƙo. Shi kuwa yana tsaye riƙe da ƙofa, yana ta maimaita magana ɗaya: "Esh tibgi, ya binti?" Wai me nake so.

Na ce, "Me nake so kuma? Tuwo na ba ka!"

Ya ce, "Na duba, ban ga komai a ƙasa ba. To ki faɗa da baki, me kike so in yi miki?"

Maigidana ne ya raba mu. Ya aje garwarsa, ya zauna a dokin ƙofar tsohon, ya ce mini in zauna daga gefe in yi shiru, in har zan iya. Ya yi masa bayanin abin da na zata. Tsohon ya dafe kai. Ya rantse bai taɓa jin ana zuba magani a tuwo ba. Sannan ya ba mu labarin inda ya fito.

Wani gari ne a bakin teku, mai tashar jiragen ruwa, inda ake sauke shinkafa da yadi, a loda dabino da lu'ulu'u. Yana saurayi ya shiga aiki gidan gwamnan garin. Ya ce gwamna a can ba naɗa shi ake yi don ya iya ba, sayen kujerar yake yi daga babban birni, ya taho da ƙannensa da surukansa, kowa a ba shi ƙofa ɗaya ya tsare. Kuma ya san ba zai daɗe ba wani zai fi shi tayi, don haka hannu baka hannu ƙwarya yake yi. Ya ce akwai gwamnan da aka sauke, da zai tafi har ƙyamaren gidan gwamnati ya ɓalle ya loda a jirgi. Wanda ya gaje shi ya zo ya sa wa masunta harajin ƙyaure. Maigidana ya yi dariya har da tari. Ni ma ta kusa kuɓuce mini, na dai danne don fushina bai gama sauka ba.

Ba a kai wa gwamna cin hanci a fili, in ji shi, wannan rashin ladabi ne. Abinci ake aikowa. Mai jirgin da aka tsare a tasha, ko ɗan kasuwar da ke da shari'a, zai aiko da babban faranti na shinkafa da nama, a rufe. Aikin Baba shi ne ya karɓa, ya naɗe hannun riga, ya cusa hannu cikin shinkafar ya zaro abin da aka binne, zinariya ko ƙullin lu'ulu'u, ya wanke, ya kai ciki. In masu shari'a biyu ne, duka biyun sai su aiko, wanda farantinsa ya fi nauyi shi ne mai gaskiya. Ya ce, "Ya binti, ni tun ina saurayi ban taɓa ganin rufaffen kwano da ba a binne bukata a cikinsa ba."

Daga nan muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce wata rana wata tsohuwa ta zo da kanta. An kama ɗanta, masunci, an ce ya sauke kaya ba ta tasha ba. Ta ji ana cewa faranti ake kai wa gwamna, ita kuma ta ɗauka abincin ne ake so. Ta dafa shinkafa da kifi iya iyawarta, ta rufe, ta kawo. Ya cusa hannu ya laluba ko'ina, babu komai. Da ya faɗa a ciki, gwamna ya yi dariya ya ce a ba mu, mu barorin gida. Ɗan nata bai fito ba, zazzaɓi ya kashe shi a ɗaure. "Mu muka cinye shinkafar," in ji Baba. "Kuma ban taɓa cin mai daɗinta ba." Ya bar aikin, ya yi yawo, ƙarshe ya zo Makka ya zauna. Tun daga lokacin abincin kyauta ba ya wuce masa maƙogwaro.

Na koma ɗaki. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma tausayi ba ya cika ciki. Na gwada aika masa a buɗe, ba faifai, ya dawo da shi da godiya. Maigida ya ce ya zo su ci tare, ya ce azumi yake. Ƙarya yake yi, Allah Ya yafe masa, na ji shi yana kurɓar ruwan zafi da rana tsaka. Har ta kai ya daina sauka Harami, yana salla a zaune a ɗaki.

Ina da 'yar shinkafa a ƙulle da na ɓoye don Salla, a lokacin da shinkafa ta zama abin kallo. Na kwance ta. Na ba wata mata 'yar Jidda ɗankwalina mai kyau, ta ba ni busasshen kifi. Na dafa da hantsi, na zuba a faranti, na rufe da faifai da gangan. Na ce wa maigida ya biyo ni.

Muka same shi a kwance, idanu sun faɗa. Na dire farantin a gabansa na ce, "Baba, yau da bukata na zo. Naɗe hannun riga ka yi aikinka."

Ya dube ni, ya dubi maigidana. Ya yunƙura ya zauna, ya ɗaga faifai. Da ya ga shinkafa da kifi sai ya ɗago ya sake dubana. Ya cusa yatsu a hankali, ya laluba gefe da gefe, ya kai ƙasa. Ya ce, "Babu komai."

Na ce, "Babu. Irin na waccan matar ne. Ita ta kawo, ba a biya mata bukata ba. Yau babu wani gwamna a ɗakin nan sai kai. Bukatata ka cinye shi. In ka ga dama ka mayar da ni kamar yadda aka mayar da ita."

Maigida ya taɓa ni, wai na yi tsauri. Ban kula shi ba, don ni ma hawaye nake yi. Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa, shinkafa ta manne a yatsu. Hawaye na bin gemun nan ja. Can ya yi bisimilla, ya kai hannun baki. Ya ci kaɗan ya huta, ya sake ci. Muna zaune har ya kai ga ƙasan farantin.

Ya rayu har jirage suka dawo, carbi ya sake fita. Tare yake cin abinci da maigidana, kuma ya koyi cin tuwo, ko da yake miyar kuka har ya bar duniya bai yafe mata ba. Tonon kuwa bai daina ba. Duk kwanon da na aje, sai ya sa yatsa ɗaya ya taɓo ƙasa tukuna. Na gaji da faɗa na ƙyale shi. Sai ya ɗago ya dubi wajen da nake, fuskarsa cike da murna, ya ce da 'yar Hausar da ya koya, "Babu komai, 'yata." Sannan ya ci.