Farar Takardar Malam Tanimu

Masana sun ce ƙasa tana tsayuwa a kan sojoji da haraji. Ni da na tsufa a ofishin magatakardan kotu na san ba haka ba ne. Ƙasa tana tsaye ne a kan wata durowar ƙarfe mai tsatsa, wadda ba ta buɗewa sai an doke ta da gwiwa. A cikinta ake ajiye abin da hukuma ta yarda ta tuna game da 'ya'yanta. Abin da bai shiga durowar nan ba, a wurin hukuma bai taɓa faruwa ba.

Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun tarar an kwashe komai an zuba a na'ura, don haka bari in yi muku bita. Takardar da muke kira kaziye ita ce shaidar ko kotu ta taɓa hukunta mutum. A zamaninmu, duk inda aka yanke wa mutum hukunci, ana aika ɗan kati zuwa kotun garin da aka haife shi, a jefa a durowa. Kaziye iri uku ce. Ta farko ta alƙalai ce, ta biyu ta wasu ma'aikatun gwamnati, ta uku kuwa mai sunan kaɗai ake ba, ba matarsa ba, ba maƙwabcinsa ba. Sannan ba a rubuta zargi, ba a rubuta ƙarar da ta mutu a hanya. Sai hukuncin da ya tabbata. Idan ba a sami kati ba, sai a rubuta kalma ɗaya ta Faransanci, neyan, wato babu komai.

Cikin ranakun aikina a Parakou, akwai wata Litinin ta damina da ta ƙi fita daga kaina. Ran nan wata dattijuwa ta sauko daga zemijan, wato babur ɗin haya, ta shigo tana kakkaɓe ruwa daga mayafi. Hajiya Rakiya ce, mai sayar da atamfa a Zongo. Marigayi mijinta ya bar wata ƙaramar makarantar Faransanci da Larabci, kwamitin iyaye ke tafiyar da ita, ita kuma tana cikin kwamitin. Jikarta Balkisa tana ajin manyan 'yan mata, ajin da ake neman sabon malami.

Bayan gaisuwa ta kira ni da Mushe, yadda ake kiran ma'aikata a nan, ta ce, "Mushe Yakubu, littafin nan na zo ka buɗe mini."

"Wane littafi, Hajiya?"

"Na masu ɓata yara. Ɗana da ke Amurka ya ce a can sai ka danna waya, ka ga fuskokinsu, har da lambar gidan da suke."

Na ce, "Hajiya, a nan in kika danna waya, kiredinki kawai za ki ga yana tafiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce kwamiti zai ɗauki wani Malam Tanimu, haifaffen unguwar Guéma a nan Parakou, wanda ya taɓa koyarwa a Djougou. Wata mai saro kaya a wurinta ta raɗa mata cewa ba lafiya ya baro can ba, amma matar ta ƙi ƙara ko kalma.

Da na ji sunan sai na gane shi, domin kafin a maido ni Parakou, a Djougou na yi aiki, kuma ni na karɓi takardun wata ƙara mai wannan suna. Wani mahauci ne ya kawo ta, a kan 'yarsa da ke ajin malamin. Na tuna mutumin yana tsaye gaban teburina, riƙe da takardar likita. Mai gabatar da ƙara ya ɗauki maganar da zafi. Amma kafin a kai ga sauraron yarinyar, manyan unguwa suka zauna a zaure. Aka ba uban haƙuri, aka ce malamin ya bar gari, aka raba goro, aka shafa fatiha. Da aka aika a kira yarinyar, sai aka ce ta tafi wurin goggonta a ƙetaren iyaka. Shaidu duk suka kamu da mantuwa. Uban ya dawo sau ɗaya, ya ce da ni, "Mushe, shi kotu za ta ɗaure shi shekaru kaɗan ya fito. Ita gari zai ɗaure ta har ta mutu." Ƙarar ta mutu don babu mai magana, ba a aika kati ko'ina ba.

Wannan duk na sani, kuma ba ni da ikon faɗa. Ranar da aka naɗa ni na ɗaga hannu na rantse ba zan fitar da abin da na gani a bakin aiki ba. Ƙari a kan haka, abin da na gani zargi ne, ba hukunci ba.

Na yi wa Hajiya bayanin dokar kamar yadda na yi muku. Na ce babu littafin da kowa zai zo ya buɗe, abin da kwamiti zai iya shi ne ya ce malamin ya kawo kaziyensa da hannunsa.

Ta ce, "Wato kura za a aika ta kawo shaidar ba ta cin nama?"

Na ce, "Kusan haka, sai dai mu muke buga hatimi."

Da ta fita na shiga wurin shugabarmu, wata Madam mai gilashi da ba ta son dogon zance. Na zayyana mata komai.

"An yanke masa hukunci?" ta tambaya.

"A'a, Madam."

"To me zan rubuta? In rubuta Yakubu ya tuna?" Ta cire gilashin ta murza idanu. "Ni ma 'ya'ya mata gare ni. Amma ranar da muka fara rubuta abin da muka ji, gobe maƙiyinka zai zo ya ji wani abu a kanka. Duba durowa, ka rubuta abin da ka samu."

Kafin mako ya fita Malam Tanimu ya zo da takardar haihuwarsa cikin leda, da farar riga mai guga, da gaisuwa mai tsawo har da tambayar iyali. Na doki durowa da gwiwa, na bi katunan ɗaya bayan ɗaya, na sake bi, kamar mai neman allura a rairayi alhali ya san ba a nan ta faɗi ba. Na rubuta neyan, na sa hannu. Da ya dawo karɓa, ya dube ni da kyau.

"Mushe, kamar na san fuskar nan. Djougou ko?"

Na ce, "Djougou."

Ya ce, "Garin mutanen kirki ke nan. Sun san rufin asiri."

Hajiya ta dawo da kwafin takardar a hannu, ta shimfiɗa a teburina.

"Ɗana, dube ni. Wannan ta wanke shi?"

"Tambaya ɗaya take amsawa, Hajiya: kotu ta taɓa hukunta shi? Ta ce a'a. Ba a tambaye ta wani abu ba."

"An ce kai ma ka yi aiki a Djougou."

"Na yi."

"To?"

"To hanyar Djougou ta yi kyau yanzu, Hajiya. Mota ba ta daɗewa."

Ta dube ni, ta ɗaure bakin zanenta ta tashi. Iyakar abin da rantsuwata ta bar mini ke nan, kuma har yau ban sani ba ko na tsaya a kan iyakar ko na ɗan taka ta.

Ta je Djougou. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta bi ta wurin mata masu sayar da wagashi, wato cukun Fulani, daga wannan gida zuwa wancan, har ta kai ga uwar yarinyar. Matar ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ta har ƙarshe. Sai ta ce, "Hajiya, 'yata tana ɗakin mijinta da 'ya'ya, danginsa ba su san komai ba. Kina so in tone tawa don in rufe taki?" Hajiya ta ce ita ma da ita ce, haka za ta faɗa. Da matar ta rako ta bakin ƙofa, sai ta riƙe mata hannu ta ce, "Kada ki bar shi ya ce wata ta tsaya bayan tashi ta share aji." Ba ta ƙara komai ba, kuma ta ce ko gaban wa aka kai ta, za ta rantse ba ta faɗa ba.

A taron kwamiti, shugabansu Alhaji Garba, dillalin shanu, ya ɗaga takardata sama kamar tuta.

"Hajiya, gwamnati da kanta ta wanke bawan Allah, ke wace ce? Ina shaidarki? Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya."

Ta ce, "Alhaji, saniya nawa ka taɓa saya a kan takarda ba ka buɗe bakinta ba?"

Aka yi dariya, aka ɗauki Malam Tanimu aiki.

Abin da Hajiya ta yi daga nan babu shi a cikin kowace doka. Ta bar wa 'yar ɗakinta shago, ta ɗauki kujerar roba da tazbaha, ta zauna a bayan ajin 'yan mata tun daga shiga har tashi. Yara suka sa mata suna Babbar Ɗaliba. Ita take share ajin da kanta. Haka ta yi har ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Da ta ga ba za ta tashi ba, ta sa aka cire Balkisa daga makarantar da kakanta ya gina, aka mayar da ita wata a Tourou. Ta aika wa sauran iyaye mata saƙo. Wasu suka cire nasu, mafi yawa suka ce ai an nuna musu takarda.

Abin da wannan ya koya mini, ku riƙe shi. Durowarmu ba ta ƙarya, amma abin da aka kawo mata kawai take sani, kuma mutanenmu sun fi yarda da zaure da goro a kan teburin kotu. Sukan kashe magana a zaure don su rufa wa yarinya asiri, sannan su zo wurinmu neman abin da suka hana mu rubutawa. Saboda haka duk wanda ya karɓi neyan daga hannunku, ku gaya masa ma'anarta da baki. Na'ura ta fi durowa sauri, amma ita ma ba a gayyatarta zaure.

Da Hajiya ta rasu na je ta'aziyya Zongo, aka zaunar da mu a ofishin makarantar saboda ruwa. Takardar tana nan a bango, an sa ta cikin gilashi, sa hannuna a ƙasa. Wa'adin kaziye wata uku ne, nata ya daɗe da ƙarewa. Malam Tanimu shi ne darakta yanzu.