Ranar da Filomina Ta Kulle Ƙofa

Filomina ba ta saba shan kaye a cacar baki ba. 'Yar Kafanchan ce, gajera, mai muryar da ke farkar da tsofaffin da take juyawa a asibiti. Amma sau ɗaya an kayar da ita, a hawa na huɗu na wani tsohon bene a unguwar Morrisania ta birnin New York, kuma wadda ta kayar da itan ko murya ba ta ɗaga ba.

Zeinabou ce, maƙwabciyarta, makitsiya daga Damagaram. 'Yarta Ikram, 'yar aji biyu, ta mai da kicin ɗin Filomina gidan kakarta: ta dawo makaranta, ta tura ƙofa, ta buɗe tukunya. Ranar da haƙuri ya ƙare, Filomina ta ci ɗamara ta je ta zazzage wa uwar masifa, har da tarihin naman da ya ɓace. Zeinabou ta saurara tsaf, sannan ta ce, "Allah shi saka, Yaya. Sai dai ki rage barkono, cikinta bai so."

Filomina ta koma ɗaki baki buɗe. Abin haushin ma, ta rage barkonon.

Ba rashin kunya ba ne. A inda Zeinabou ta taso, yaro na duk gidan ne, wanda ya gan shi ya ba shi abinci, ya kuma ja masa kunne. Haka take tafiya kitso Harlem ta bar ƙofa a buɗe, ta bar yarinya ga mutanen gida. Ba ta lura ba cewa mutanen gidan nan, a 1991, rabinsu sun danna sakata sun ɓuya, saura kuwa suna zube a matakala, ƙwaya ta gama da su.

Sai aka mai da aikin Filomina na yamma. Ta kulle ƙofarta ta tafi ba ta gaya wa kowa ba, ai ba ita ta haifa ba. Ikram ta tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, ta koma wasa a matakala. Can ta tsinci 'yan kwalabe masu murfi ja da shuɗi da 'yan ƙwaya ke yarwa, ta cika aljihu, ta kai aji ta jera wa malama a tebur tana murna.

Malama ta kai rahoto, kafin mako ya fita ma'aikaciyar hukumar kula da yara ta iso. Maganarta ɗaya: a nuna babban da ke riƙe yarinyar kullum bayan an tashi makaranta, ko a kai ta gidan riƙo. Zeinabou ba ta da takardar zama, mijinta Abdou yana Yamai yana jiran biza. In ta bar kitso titi za su kwana, in ta je kotu tana tsoron ba za ta fito ba. Ta zo ta zube a kicin ɗin Filomina, ba hawaye, tana ta nanata cewa ita lakwal, wato makaranta, ta tura 'yarta, ba ta san lakwal na ƙwace 'ya'ya ba. Filomina ta dubi makullinta a kan tebur.

Washegari ta tare shugabar makarantar, wata baƙar Ba'amurkiya da gajiya ta zauna wa a ido. Matar ta ce irin su Ikram sun cika mata ajujuwa. Za ta buɗe zauren cin abinci har magariba, malama ɗaya za ta tsaya, amma sai iyaye sun riƙa kawo manya kullum. Filomina ta bi coci, ta bi shaguna, ta bi masu tasi har ƙafarta ta kumbura. Ran Asabar ta tara su a bayan shagon Alhaji Ɗanasabe. Litinin ma'aikaciyar za ta dawo.

Maza kuwa Allah ya hore musu baki. Alhaji ya ce ba a damƙa 'yar Musulmi ga matan coci su koya mata waƙa. Dattijo Shamshon na coci ya ce matansu ba su haye teku don su yi wa 'yan kasuwa raino ba. Aka shiga jayayya ba ji ba gani, rana tana faɗuwa, Zeinabou na jingine da buhunan shinkafa tana murza bakin gyale, ba mai ko kallon ta.

Zauren dai ya buɗe Litinin ɗin, Ikram ta ci gaba da kwana a bayan uwarta, matar Alhaji da matar Shamshon kuma suka shekara suna faɗa a kan wadda yara suka fi son dafa-dukarta. Amma ba wa'azin kowa ne ya buɗe shi ba. Filomina ce ta miƙe a taron Asabar ɗin nan, da ƙyar ta kai kafaɗar Alhaji, ta ce:

"Alhaji, Baba Shamshon, tun tana aji ɗaya yarinyar nan ke cin tukunyata, ba wanda ya zo tambayar addinin miyar. Jibi za a zo da mota. Inda za a kai ta ko sunanta ba za su iya kira ba. Wanda ya san hanyar gidan riƙon a cikinku, ya ci gaba da magana."