Farcen Baba

Babu abin da ke haɗa kan 'yan'uwa kamar ciwon uba. Matar da ke tsaye a ƙofar gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwar mahaifinsu ya haɗa ta da yayanta har gaban alƙali.

Doguwa ce, ta doshi hamsin, ƙafar tabaraunta ɗaya ɗaure da zare. Takalminta irin na masu wuni a tsaye ne, ƙila malamar makaranta ce. Tana riƙe da abin yankan farce, tana buɗe shi tana rufewa.

"Malam, farce kawai zan yanke masa. Ba ya miƙa wa kowa hannu sai ni, ko da yake ƙanwarsa yake ɗaukata."

"Baiwar Allah, wanda kotu ta ba iko ya ce kada ki shiga," in ji mai gadi. "Wai kina rikita tsohon."

"Rikita shi? Mutumin da ke gaishe da madubi?"

Tana dariya, amma idonta ya kaɗa. Da bakinta, in ji ta, ta shaida wa alƙali cewa Yaya mai amana ne, don ya rantse mata babu abin da zai canza. Laifinta ɗaya, daga baya ta ce a mayar da Baba ɗakinsa na gida.

Tana miƙa wa mai gadi abin yankan farcen. "To, ba Yaya in ya zo. Ya fara da ɗan ƙaramin yatsa."

Mai gadi yana sosa ƙeya. "Yaya kamanninsa suke? Ni ta waya na san shi."