Layin da Na Ƙara wa Maganar Yaya Sumaila

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Sumaila, kuma har yau mutanen da ba su san ta inda Kumasi ta fuskanta ba suna aiko masa da addu'a. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Suna rubutawa ne a ƙarƙashin wani ɗan ra'ayi da ya taɓa bayarwa a kan wasan gem, kuma duk ranar da na buɗe shafin na tarar an ƙara wata, sai in ce ikon Allah. Mutumin da iyakar tafiyarsa Yamai ce, ita ma biki ne ya kai shi.

Mu biyu ne maza a gidanmu na Moshi Zango. Mahaifinmu malamin allo ne, kuma ya so ƙwarai mu gaje shi. Ni na riƙe littafi har na zama malamin makaranta, shi kuwa Yaya ya gudu Suame, unguwar kanikawa, ya riƙe sifana. Famfon dizal na manyan motoci shi ne aikinsa na shekara talatin da wani abu. Na sha ganinsa ya ɗora tafin hannu a kan inji yana ruri, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu, sannan ya ce man dizal yana isa a makare. Direbobin tashar Race Course kan bar bakanike goma a hanya su zo su yi layi a ƙofar shagonsa. Ni da nake taƙama da ilimi ban taɓa gane abin da yake ji ba, kuma bai taɓa iya yi mini bayaninsa ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ɓangaren dama. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo, hannu ne ya yi nawa. Dangi suka zauna suka yanke cewa ba zai koma bakin inji ba, aka rufe shagon aka danƙa mini makulli, domin an san ni da taurin kai. Na karɓa da zuciya ɗaya. Ina tsoron ranar da za a zo a ce mini bel ɗin inji ya ja hannun yayana.

A asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Kwana uku ya yi da ita ya jefi akuyar maƙwabta. 'Yarsa Rahinatu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta kawo dabara: ta haɗa masa kwamfutarta da talabijin, ta miƙa masa abin riƙewa mai 'yan sanduna biyu da ake juyawa da manyan yatsu. Wasan ba shi da wani labari. Ɗan jirgi ne a tsakiyar baƙin fili, wasu abubuwa masu walƙiya suna yi masa rubdugu ta ko'ina kamar kiyashi sun ga sukari. Sandar hagu ke tuƙa jirgin, ta dama ke juya bakin bindiga, saboda haka kana iya gudu gabas kana harbi yamma. Na gwada sau ɗaya, ban kai minti guda ba aka gama da ni, Yaya ya yi dariya har da hawaye.

Abin da ya sa ya riƙi wasan da daraja shi ne da Rahinatu ta gaya masa ba kamfani ne ya yi shi ba, mutum ɗaya ne a ɗakinsa a wata ƙasa mai nisa. Ya ce ashe bakanike ne ɗan'uwansa. Daga nan ya tsiri wata al'ada. Kullum bayan la'asar in na biyo ta gidansa, sai ya sa ni in buɗe shafin da 'yan wasa ke rubuta ra'ayinsu in fassara masa. A nan na ga duniya. Wani ya ce wasan ya tuna masa da injunan da ake jefa wa kwabo lokacin yarintarsa. Wani ya ce hasken ya kusa makantar da shi. Wani ya yi fushi wai ya yi wuya, na ƙasansa ya ce ai wuyar ce daɗinsa, suka shafe mako suna musu. Wata ta ce minti goma take yi da shi kafin ta shiga aiki, ya fi mata shayi. Yaya yana sauraro yana girgiza kai. A ganinsa masu yabo da masu zagi duk direbobi ne: sun san mota ta yi daɗi ko ba ta yi ba, amma ba wanda ya buɗe bonet.

Wajen wata na biyar hannunsa ya yi kyau sosai, ko da yake yana rawa in ya gaji. Ran nan ina zaune ya ajiye abin riƙewar a cinya ya ce, "Ticha, taimin ɗin abin nan ya yi leti. Kakra haka, ɗan kaɗan, amma ya yi leti." Ya ce in fili ya cika da abokan gaba, ka ja jirgi baya, ka juya bindiga hagu a lokaci guda, harbin yana makara. Ba a gani da ido, a yatsa ake ji. Na dubi talabijin ban ga komai ba. Na dubi hannunsa na dama, wanda shi ke kan sandar bindiga, na ga amsata a can. Ya lura da inda idona ya sauka.

A ranar ya ɗaure ni da sharaɗi. Ya ce in rubuta wa mai gem ɗin abin da ya ji. In mutumin ya duba ya ce haka ne, to hannun da ya kama wannan zai kama famfo, in ba shi makullinsa. In ya ce ba haka ba ne, ba zai ƙara tayar da maganar shago ba. Na amince, domin na tabbata ba zan yi asara ba.

Ya yi mini shifta da Hausa ina juyawa Turanci. Har yau ina mamakin tsarin maganar. Ya fara da gaisuwa da yabon aiki, ya faɗi sana'arsa, ya bayyana matsalar daki-daki yadda zai yi wa wani maigida a Suame, ya faɗi yadda za a gwada a gani, ya rufe da cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba zagi, ba fadanci. Da ya gama ya tashi yin alwala, ni kuwa na zauna ina duban rubutun. Na ji tausayinsa, na ji kunyar kada a yi masa dariya, kuma gaskiyar da na daɗe ban faɗa ba ita ce ba na son ya ci sharaɗin. Sai na ƙara layi ɗaya a ƙarshe, da bakinsa, cewa ya yi ciwon shanyewar jiki, mai yiwuwa hannunsa ne ba wasan ba. Na aika. Da ya dawo ya tambaye ni ko na rubuta yadda ya faɗa, na ce masa e.

Amsoshi suka zo. Wasu da ladabi suka yi masa fatan sauƙi, wasu suka ce tsoho ya je ya huta, wasan lafiyarsa lau. Kusan kowa layin ƙarshe ya kama. Ban ga laifinsu sosai ba, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da nake fassara masa sai in tsallake duk inda aka ambaci hannu, in ce dai sun ce ba su ji abin da ya ji ba. Ya ce su direbobi ne, mai gem fa? Mai gem bai ce uffan ba. Ya tambaya mako na farko, ya tambaya na biyu, wata ya zagayo ya daina. Ya cika alkawari, bai ƙara ambaton shago ba, kuma wannan shirun ya fi mini nauyi a kan da ya zage ni. Ya ci gaba da wasansa da safe, yana kauce wa juyin nan na hagu kamar direban da ya san inda rami yake. Bayan kamar shekara ciwon ya dawo, bai tashi ba.

Shekara biyu da rasuwarsa Rahinatu ta same ni a makaranta lokacin hutun tara, da kayan aikinta a jiki, ta miƙo mini waya. Mai gem ne ya fitar da sanarwar gyara. Ya ce yana ƙoƙarin mayar da wasan kan wata sabuwar na'ura ne ya ci karo da wani kuskure da ya kwana a ciki tun ranar farko: in fili ya cika, aka ja baya aka juya hagu tare, harbi yana makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ya ce cikin dukan waɗanda suka buga wasan, har da shi da ya ƙera shi, mutum ɗaya ne ya taɓa ji, wani mai gyaran famfon dizal a Ghana. Ya ce ya karanta ra'ayin tun lokacin, ya kusa dubawa, sai layin ƙarshe ya sa ya bari. Ya nemi afuwa. Na karanta a tsaye, sai da na nemi benci na zauna.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Hannun da muka yanke wa hukunci a zaman dangi, hannun da ba ya iya ɗaure maɓallin riga sai an taya shi, shi ne ya ji abin da masu lafiyayyun yatsu a ƙasashe da yawa ba su ji ba. Allah yana ajiye baiwarsa inda ya so, kuma ciwo bai isa ya kwashe ta duka ba. Rahinatu ta amsa wa mutumin cewa mahaifinta ya rasu. Daga ranar shafin ya zama kamar zauren makoki. Waɗanda suka ce ya je ya huta suka dawo suna ba da haƙuri. Wani ya ce ya sake ɗora tsohon wasan ya gwada kwana biyu, da sanin inda kuskuren yake, bai ji shi ba. Wani ya ce mahaifinsa ma maƙerin agogo ne, ya san irin mutanen nan.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Suame ta yau. Yanzu samari kan soka wa mota waya, kwamfuta ta faɗa musu ciwonta. Da na ɗauka zai yi tsaki, amma da na tuna yadda ya rungumi wasan nan yana da shekara kusan sittin, sai na ga ba haka ba ne. Zai karɓi na'urar ya juya ta, ya koyi aikinta, sannan ya ɗora tafinsa a kan inji ya ga ko ta faɗi gaskiya. Yabon da ake yi masa a shafin kuwa, na san abin da zai ce: a bar surutu, an gyara ko ba a gyara ba?

Shekara huɗu na yi ina karɓar gaisuwar mutane a kan labarin nan ban buɗe baki ba. A makon jiya, muna shirin sadakar shekara, Rahinatu ta ce tana son ta buga ra'ayin a takarda ta rataye a ɗaki. Ta ce abu ɗaya ne ke ci mata rai duk shekarun nan, layin ƙarshe. Ba ta taɓa jin mahaifinta ya yi shakkar hannunsa ba, ashe yana yi a ɓoye, kuma ita da ta kawo wasan ba ta lura ba. A nan na kasa ɓoyewa. Na gaya mata komai, har da sharaɗin makulli, wanda ba ta taɓa sani ba. Na ce ta ba ni kwamfutar in goge layin.

Ta sunkuyar da kai. Da ta ɗago ta ce, "Kada ka goge, Baba Ƙarami. Ka rubuta a ƙasansa wanda ya faɗe shi."

Na rubuta a ranar, da Turanci, don baƙin da ke can. Wannan rubutun kuma na mutanen gida ne, waɗanda suka san shi, suka zauna a zaman da aka karɓe masa makulli, suka ji ni ina cewa hannun Yaya ya gama aiki. Shagon wani ne a ciki yanzu, motocin da ya gyara yawancinsu sun zama ƙarfen awo. Abin da ya rage shi ne wani ɗan wasa da mutane ke bugawa a wuraren da ban san sunansu ba, suna juyawa hagu harbi na fita a kan lokaci, ba su san wa ya sa ba. Da kuma magana tasa, wadda ba kuskure ko ɗaya a cikinta sai wanda na zuba. Ban san ko da ya koma Suame hannun zai ɗauki aikin ba, wannan Allah ne masani. Na dai san ya ci sharaɗinsa, kuma ya rasu yana zaton ya faɗi. Allah ya jiƙan Yaya Sumaila, ya haskaka kabarinsa. Wanda ya yi masa addu'a ya sa ni a ciki, na fi shi bukata.