Fentin Gidajen Kwali

Zamanin da Abuja ke ta kumbura, ko'ina ka duba tifa ce da allon tallan filaye, na sami aiki a ofishin wasu masu sayar da gidaje. Ranar farko oga ya miƙo mini ƙaramar bindigar feshi, ba ta fi alƙalami kauri ba, haɗe da injin iska mai gurnani a ƙarƙashin tebur.

"Ga samfurin nan," in ji shi, yana nuna wani faffaɗan katako da aka jera wa gidajen kwali, kowanne bai wuce akwatin ashana ba. "Jan rufi nake so. Ka koya a kansa."

Koyon bai zo da daɗi ba. In fentin ya yi kauri sai bakin bindigar ya toshe, ta riƙa tofo gudaji kamar kashin tsaka. In na cika masa tina, ruwan tsinka fenti, sai ya zurara ta bango. Ɗakin ba taga. A motar Mararaba in na fyace hanci jar majina ke fitowa, tuwon gida ma warin fenti yake yi mini. A hankali hannuna ya faɗa: a tsinka fentin kamar madara, a ɗan ja baya, a bi sama-sama, a bari ya sha iska sannan a sake bi.

Da rufin ya fito sumul aka kai samfurin falon ofis aka kifa masa gilashi, aka ce rukunin gidaje ne da za a gina wajen Yangoji. Mutane suka yi ta tururuwa. Ina tuna wata nas 'yar Filato da ta zo da fararen kayanta, ta dangwala yatsa a gilashin.

"Ɗan'uwana, wannan na kan kwanar titi shi ne nawa," ta ce mini. "Yarana sun gaji da haya a Karmo."

Bayan damina oga ya sa aka dawo mini da samfurin.

"Mayar da rufin shuɗi. A cire allon sunan."

"Oga, an fasa na Yangoji ne?"

"Wannan na hanyar filin jirgi ne. Kai dai fesa."

"To waɗanda suka saya fa?"

Yana sakace haƙori ya tofar da guntun nama a ƙasa, dab da ƙafata. "Ja suka saya. Yanzu shuɗi muke sayarwa."

Direbansa ne ya gaya mini ko bulo ɗaya ba a aza a Yangoji ba, wurin gonar doyar wasu Gwarawa ce da ba su ma san an sayar ba.

Na dama shuɗin, na ɗaga bindigar, sai na ajiye ta. Na fita, ban sake shiga ɗakin ba. Nas ɗin na neme ta ban same ta ba.

Daga baya na koma koyarwa a Gwagwalada. Shi kuwa oga kasuwarsa sai gaba ta yi, har ya tsaya takara, ya aiko mini da kalanda mai hotonsa cikin babbar riga. Matata ta shimfiɗa ta a akurkin kaji.