Ranar da Na Durƙusa wa Jikan Waziri

Aikina na farko a London gadin ɗaki ne, a wani tsohon gida da aka mayar gidan tarihi. Gidan wani wazirin sarkin Ingila ne da ya mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ni kuma aka ba ni ɗakin karatunsa. In tsaya daga safe har yamma, in hana mutane taɓa kujeru, in nuna musu hanyar banɗaki. Maigidana ɗalibi ne a lokacin, saboda haka tsayuwar nan tawa ce take riƙe da gidan hayarmu a unguwar Dagenham. Ina cikin watannin gwaji, saura mako uku a tabbatar da ni.

Hoton wazirin ya cinye bango guda, da gashin aro fari har kafaɗa kamar tunkiya. A ƙarƙashinsa akwai wasiƙunsa cikin akwatin gilashi. Wata rana da babu baƙi karambani ya sa na karanta bayanin da aka liƙa, na kuwa yi da-na-sani. Mutumin nan ba ya fashin zuwa coci, yana ciyar da marayu, kuma ya yi imani har zuciyarsa cewa an halicci baƙar fata ne don ya yi wa fari bauta. Da kuɗinsa a jiragen da suke kwasar bayi. Tun ranar nake jin idonsa a ƙeyata. Ni da girmana, ina tsoron fenti da katako.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wata Laraba shugabarmu ta shigo da wani tsohon Bature tukuf, yana dogara sanda. Ya nufo ni kai tsaye ya yi mini barka da asuba. Ni kuwa a gidanmu ko tsohuwa mai tallan kuka ba a gaishe ta a tsaye. Kafin kaina ya yi shawara gwiwata ta kai ƙasa, na sunkuyar da kai na amsa. Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. A bayana na ji wayar wani baƙo ta yi ƙyas.

Da suka fita, mai gadin ɗakin kusa, wata 'yar zangon Kumasi, ta leƙo tana zare ido.

"Hajiya, ka san wannan tsoho? Jikan jikan mai hoto ne fa. Shi ya ba da gidan."

Washegari ita ce ta miƙo mini wayarta, ta ce, "Ka yi trending, wallahi." Ga ni nan da hijabina a durƙushe, hannun Bature a kafaɗata, waziri daga sama yana kallonmu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wasu sun ce gidan yana tilasta wa baƙaƙen ma'aikata durƙuso. Wasu sun ce na zubar da mutuncin baƙar fata kaf. Wasu kuma dariya suke, wai ashe waziri gaskiya ya faɗa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Kwana biyu ina shiga jirgin ƙasa da hijabi a janye har hanci, duk wanda ya ɗaga waya sai gabana ya faɗi.

Rana ta uku shugaba ta kira ni ofis. Ina zama ta jefo mini tambaya.

"Wa ya ce ki durƙusa?"

"Ba kowa. Gaisuwa ce. Shekarunsa na durƙusa wa, ba fatarsa ba."

"Kin san abin da kakansa ya rubuta?"

"Na sani."

Ta kasa gane yadda mutum zai sani kuma ya yi. Ni ma ban da bakin da zan bayyana mata cewa sabo turken wawa ne. Ta turo takarda, in sa hannu cewa ba a sa ni ba, kuma ba zan sake ba. In na sake, shi ke nan. Na sa hannu ko karantawa ban gama ba.

Daga nan na shiga horar da gwiwata. Da na hango furfura sai in ƙame, in cije leɓe, in danna ɗan yatsan ƙafa cikin takalmi har tsohon ya wuce. Aka tabbatar da ni a aiki, na yi hamdala, amma tsoron bai sake ni ba.

Bayan wata biyu na je Juma'a masallacin Regent's Park. Ana fitowa na yi kiciɓis da wata dattijuwa 'yar garinmu, wadda ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari. Na yi niyyar durƙusawa, wallahi na yi. Sai na hango wata budurwa da waya a hannu, jikina ya sandare. Na gaishe ta a tsaye ƙiƙam.

Ta dube ni daga sama har ƙasa, a hankali ta ce, "'Yar nan, ciwon gwiwa kike yi?"

Na ce, "E, Hajiya."

Ta yi mini sannu, ta yi mini addu'ar samun sauƙi, ni kuma na ce amin.