Gwaggo Mai Moɗa a Bakin Famfo

Ranar da aka buɗe sabon famfon unguwarmu, Gwaggo ta ja ni gefe ta ce kada in yi saurin murna, mutane za su ƙi ruwan nan, kuma wani gidan zai yi kuka. Nan take na tuna 'ya'yana ƙanana ne.

A lokacin cutar amai da gudawa ta shigo mana. Gwamnati ta ba unguwa tallafi, aka haƙa rijiyar burtsatse, aka kafa tanki, aka kawo maganin da ake zubawa a ruwa. Gwaggo ta daɗe tana shara a asibiti kafin ta yi ritaya, shi ya sa aka ba ta kula da tankin.

Abin da ta faɗa ya faru. Mata suka ce ruwan yana warin asibiti, mai shayi ya ce yana ɓata masa shayi. Aka fara komawa tsoffin rijiyoyi a ɓoye. Ba a jima ba ɗan maƙwabcina ya kwanta, bai tashi ba.

Gwaggo ba ta yi wa kowa faɗa ba. Kullum da safe takan zo da kujerarta da moɗa. Duk wanda ya cika jarka, ita ke fara shan moɗa guda a gabansa. Mai shayi ya tsokane ta, wai cikinta ya zama tanki na biyu. Ta ce ai ita ruwanta ba ta tsuga masa kuɗi kamar wani.

Autata ta ƙi sha, har leɓenta ya bushe, na rasa yadda zan yi. Gwaggo ta ɗora ta a cinya, ta kurɓa ta miƙa mata. "Sha, kishiyata, in ba haka ba in ƙwace miki angon." Yarinyar ta yi dariya, ta shanye.

Gwaggo, ke ce kika shayar da mu lokacin da tsoro ya hana mu sha. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya. Jama'a, kowa ya ɗauki moɗarsa ya taya ta, ƙafafunta sun fara kumbura.

An ce wa'adin tallafin ya kusa cika, maganin da ya rage kaɗan ne. Cutar ta lafa, amma ba ta tafi ba. Ko za a ƙaro mana wani, har yau babu wanda ya sani.